Jigawar Hindhead: Inda Kiwo Ke Tsaron Ƙasa

Kwana tara da saukata Ingila, a makon farko na watan Satumba, ɗan ƙanwata da ke aikin jinya a garin Guildford ya ƙwanƙwasa mini ƙofa bayan sallar asuba.

"Kawu, yau ina hutu. Ku kintsa, zan kai ku daji."

"Wa za mu gaisar a dajin, ɗana?"

"Babu kowa, Kawu. Takawa za mu yi, mu kewayo, mu dawo inda muka ajiye mota."

A inda na tashi, babba ba ya ɗaura takalmi sai da dalili: gona, kasuwa, ta'aziyya ko zumunci. Amma baƙo na mai masauki ne. Na karɓi takalman da ya miƙo mini, masu kaurin ƙasa da dogon wuya, muka zuba rigunan ruwa da filas ɗin shayi da darduma a jaka, muka kama hanya. Ban san cewa a wunin nan zan ga abin da zai tuna mini da burtalin garinmu ba.

Daga Guildford zuwa Hindhead tafiyar kimanin kilomita 20 ce, kudu maso yamma, a kan babbar hanyar A3 da ta haɗa Landan da Portsmouth, garin jiragen ruwa. Dab da isowarmu sai titin ya nutse cikin ƙasa, fitilu suka maye gurbin rana. Yaron ya ce in riƙe wannan wuri a raina, domin kafin la'asar za mu tsaya a kan tudun da muke ratsawa ta ƙarƙashinsa. Tsawon ramin kilomita 1.8 ne, an buɗe shi a watan Yulin 2011, kuma aikin duka ya ci fam miliyan 371. A lokacin na ɗauke shi a matsayin irin ayyukan da ƙasashe masu kuɗi ke yi don rage cunkoso. Sai da ƙafata ta taka saman tudun na gane sauran dalilin.

Muka ajiye mota a filin wata ƙungiya mai suna National Trust, wadda ke riƙe da wurin. Kuɗin ajiye mota kawai ake biya. Shiga dajin kyauta ne, babu ƙofa, babu mai gadi, babu mai tambayar ka takarda. Mun yi taku kaɗan daga ɗakin shan shayi sai ƙasa ta ƙare a gabanmu. Wani ƙaton kwari ne, zagayayye kamar akushi, bakinsa a buɗe ta arewa, gangarensa cike da itatuwa, hazo na kwance a ƙasansa kamar an zuba kindirmo. Sunansa Devil's Punch Bowl, wato kwanon abin shan Shaiɗan. Tatsuniyar mutanen wurin ta ce Shaiɗan ne ya riƙa damtsar ƙasa yana jifan Thor, abin bautar mutanen da, har ya bar wannan rami. Gaskiyar lamarin ta fi haka natsuwa. Saman tudun dutsen yashi ne mai shanye ruwa, ƙarƙashinsa kuma yumɓu ne wanda ruwa ba ya ratsawa. Ruwan sama kan nutse cikin yashi, in ya iske yumɓu sai ya ɓullo ta gefe a matsayin idon ruwa, yana zaizayar abin da ke samansa kaɗan-kaɗan. Shekaru dubbai na wannan zaizaya su suka sassaƙa akushin.

Muka ɗauki hannun hagu, muka bi gefen yamma da ake kira Highcombe Edge. Da farko hanyar cikin inuwa take, a ƙarƙashin manyan itatuwa, ƙasa lulluɓe da ruɓaɓɓen ganye mai laushi. A duk mararraba akwai guntun gungume da aka kafa, ɗauke da kibiya mai launi. Ɗan ƙanwata ya karanta mini su: rawaya ta masu tafiya a ƙafa ce kawai, shuɗiya kuma ta haɗa da masu doki da masu keke. Ya ce irin waɗannan hanyoyi sun ratsa Ingila da Wales kamar jijiyoyi, tsawonsu ya kai mil 140,000, kuma da yawansu ta tsakiyar gonakin mutane suka bi. Mai gona ba shi da ikon toshe su. In ya yi shinge, dole ya bar ƙyaure ko matakala. Hanyar na cikin taswirar hukuma, kuma taswirar hujja ce a gaban alƙali.

Bayan kamar rabin sa'a itatuwa suka ja da baya, sama ta buɗe. Ban taɓa ganin fili irin wannan ba, kuma ba mu da sunansa a Hausa. Mafi kusa da shi shi ne jigawa, domin ƙasarsa farin yashi ce mara ƙarfi, wadda manomi zai duba ya wuce. Amma ba a tsirara take ba. Wani ɗan tsiro da ake kira heda, wanda tsayinsa bai wuce gwiwa ba, ya rufe ta ruf, kuma mun zo a ƙarshen lokacin furensa, wanda ke farawa a watan Agusta. Iyakar ganinka shunayya ce mai sirkin ja, kamar an baza turmin atamfa a kan tudu don ya sha iska. Tsakaninsa akwai kurmin wata ƙaya mai duhun kore da furen rawaya, gos, wadda in rana ta taɓa ta takan yi ƙamshi kamar na kwakwa. Ƙudan zuma na ta aiki. Ban da kukansu da motsin iska, babu wani sauti.

Na tsaya na daɗe. Abin da ya fara zo mini shi ne: ga daji kamar yadda Allah Ya halicce shi, hannun ɗan Adam bai taɓa shi ba. Ashe na yi kuskure, kuma gyaran wannan kuskuren shi ne ribar tafiyata.

Can gaba muka iske mutum shida ko bakwai, yawancinsu masu furfura, sanye da safar hannu, suna durƙushe cikin hedar. Ƙananan itatuwa suke tumɓukewa, waɗanda suka yi ƙarfi kuma su sa musu zarto. Raina ya sosu. Ni da na fito daga ƙasar da ake roƙon mutane su dasa itace, inda hamada ke cin gona kowace shekara, ga mutane na cire itace da hannunsu, kuma ba don girki ba. Na ce wa yaron ya tambaye su. Wata dattijuwa ta miƙe, ta gaishe mu da fara'a, ta ce su 'yan sa kai ne, ba biyansu ake yi ba. Ta nuna mini tsiron da ke hannunta, ɗan itacen fayin mai ganye kamar allura, ta kuma nuna wani mai farin ɓawo. Ta ce in aka ƙyale waɗannan biyun, kafin jaririn yau ya yi aure duk wannan fili ya zama kurmi, hedar ta mutu a inuwa, duk abin da ke rayuwa a cikinta ya watse.

Daga bayaninta da abin da na bincika daga baya, ga yadda abin yake. Shekaru dubu uku zuwa huɗu da suka wuce, manoman farko na wannan yanki suka sare dajin da ke kan yashin. Da inuwa ta tafi, ruwan sama ya wanke ɗan takin da ke ƙasar, ta yi tsami, ta daina karɓar shuka. Heda da gos, masu jure talaucin ƙasa, suka mamaye. Talakawan ƙauyuka kuwa ba su bar wurin ya huta ba. Suna da haƙƙi na gado a kan filin, ko da yake mallakarsa na hannun wani babba: su kora shanu da tumaki su yi kiwo, su sari gos don hura tanderun burodi, su yanki ciyawa don shimfiɗar dabbobi, su ɓamɓari saman ƙasa don makamashi. Kowane tsiron itace da ya leƙo, ko dai bakin dabba ya cinye shi ko lauje ya tsinke shi. Haka filin ya zauna a buɗe ƙarni bayan ƙarni. Wato jigawar nan aikin makiyayi ce da mai lauje.

Da zamani ya juya, jirgin ƙasa ya iso Haslemere, garin da ke gindin tudun, a 1859. Gawayin kwal ya yi araha, kayan masana'anta suka cika kasuwa, 'ya'yan makiyaya suka tafi birni. Da kiwo ya tsaya, itatuwa suka dawo. Wasu filayen kuma aka mai da su gidaje, tituna da gandun katako. Masu kula da muhalli a Birtaniya na ƙiyasta cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na irin wannan jigawa ya ɓace tun daga shekarar 1800, kuma ɗan abin da ya rage a ƙasar ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na duk wanda ke duniya. Shi ya sa a yau ake yin da gangan abin da talakawan da suka yi don neman abinci.

Ba mu yi nisa ba na ga sauran ma'aikatan. Shanu ne jajaye, gajeru, masu dogon gashi da ya rufe musu ido, da ƙahoni a baje kamar na rahaji. Asalinsu daga tsaunukan Sikotilan ne. Ƙungiyar ta kawo su, tare da wasu gajerun dawakai na yankin Exmoor, don su ci tsiron itace, su tattake ciyayi masu mamaya, su bar tabon yashi a buɗe inda ƙwari da ƙadangaru ke shan rana. Babu makiyayi a bayansu. Shinge ne mai faɗi ya kewaye su, an kuma roƙi masu wucewa su rufe ƙyaure. Na jingina da sandata ina kallon wata saniya na fizgar ganyen ɗan itace, na ce a raina: ga ƙasar da ta rasa makiyayanta, ta dawo tana neman saniya da kuɗinta. Mu da muke da su, sau nawa muke tsayawa mu lissafa abin da kofato da kashin shanu ke yi wa ƙasa, in kiwon na da tsari da iyaka?

Dattijuwar ta ambaci wani abu da ya ƙara kusanto mini da wurin. Ta ce daga watan Maris zuwa ƙarshen Yuli ana buƙatar masu karnuka su riƙe su da igiya, saboda tsuntsayen da ke ƙwai a ƙasa. Cikinsu akwai wani da ba ya fita sai magariba, launinsa kamar busasshen ganye, ba ya saƙa sheƙa, sai dai ya ajiye ƙwai biyu a kan yashi. Da ta nuna mini hotonsa a wayarta na gane shi nan take: yautai ne, ɗan'uwan wanda ke faɗawa gaban matafiyi da dare a hanyoyinmu, in ka matso ya tashi ya ƙara gaba kaɗan. Nasu yakan iso a watan Mayu, ya yi 'ya'ya, ya tashi a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba. Masu bincike sun ɗaura wa wasu ƙananan na'urori, suka ga suna ƙetare Bahar Rum da Sahara har ƙasar Kwango, kuma hanyar dawowarsu kan ratsa Afirka ta Yamma. Ke nan a ranar da nake tsaye a kan yashin da suka ƙyanƙyashe, su sun riga sun kama hanyar nahiyarmu. In jigawar nan ta rufe, tsuntsun da ke ratsa samanmu ya rasa gidan haihuwa.

A ƙarshen gefen tudun akwai wani ɗan ginshiƙin tunawa. Wani mutum mai suna W. A. Robertson ne ya bar wasiyyar dukiya ga ƙungiyar, a sayi ƙasa don tunawa da 'yan'uwansa biyu da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Da kuɗinsa aka ƙara wani yanki na wannan kwari cikin abin da jama'a ke mora. Bai gina musu gidan da za a kulle ba. Ya saya musu wurin da baƙo irina zai zauna ya huta. Daga nan ana hango filin Thursley ta arewa, wanda gobara ta yi wa mummunar ɓarna a 2006 da kuma watan Mayun 2020. Heda in ta bushe kamar fetur take, shi ya sa aka hana hura wuta ko gasa nama a duk faɗin wurin.

Sai gangara. Hanyar ta karkata dama ta nutse cikin kwarin, yashi ya koma tsakuwa, tsakuwa ta koma laka. A nan na gode wa takalman aro. Iska ta canza, ta yi sanyi da danshi, ƙamshin ƙasa jiƙaƙƙiya ya tashi kamar na ruwan farko. Itatuwan ƙasan kwarin tsofaffi ne, wasu mutum biyu ba za su rungume su ba, gansakuka ya lulluɓe jikinsu. Wani ganye mai kama da reshen dabino ya kai mini ƙirji a gefen hanya. Yaron ya ce in tura ƙafar wandona cikin safa saboda kaska, domin tasu na ɗauke da cuta, kuma in duba inda nake taka, don akwai wani ɗan maciji dangin kububuwa, wanda shi kaɗai ne mai dafi a Birtaniya. Ba mu gamu da shi ba. A can ƙasa muka tarar da ƙoramar da ta yi duk wannan aiki, 'yar siririya, ruwanta garau, yaro ma zai tsallake ta. Na tsuguna na sa hannu. Sanyinsa ya ratsa ni har kafaɗa.

Kusa da ƙoramar akwai 'yan tsofaffin gidaje a warwatse, na dutse da jan bulo. A nan masu tsintsiya suka zauna. Sana'arsu ke nan: su yanko heda ko ƙananan rassan itacen nan mai farin ɓawo, su ɗaure a jikin sanda, su ɗauka zuwa garuruwa su sayar. Mutanen gari na yi musu kallon 'yan daji marasa tarbiyya. Amma kowace tsintsiya da suka ɗaure, tsiro ɗari ne da bai zama itace ba. Wannan kyan da mutanen Landan ke shigo mota su zo kallo a yau, hannun waɗancan talakawa ne ya ajiye shi, ba tare da kowa ya gode musu ba. Na tuna matan ƙauyenmu masu yankan kaba da masu roron itace, waɗanda suka san kowane kurmi da sunansa, kuma ba a taɓa kiransu taro in za a yanke hukunci a kan dajin ba.

Muka zauna a kan wani kututture muka sha shayi, sa'an nan muka fuskanci hawa. Wannan shi ne wuri mafi wuya a duk kewayen. Hanyar ta miƙe tsaye a gefen gabas, saiwoyi sun zama matakala, numfashi na fita da ƙyar.

"Kawu, mu tsaya ku huta?"

"Mu je a hankali, ɗana. Sannu ba ta hana zuwa."

Sau biyu na tsaya. A tsayawa ta biyu wasu tsofaffi, miji da mata, kowanne da sanduna biyu, suka wuce mu suna gaisuwa. Na lura duk wanda muka gamu da shi a dajin nan sai ya gaishe mu, alhali a tashar jirgin ƙasa ta Landan mutum dubu za su wuce ka babu mai ɗaga ido. Daji ya mayar musu da abin da birni ya karɓe.

Da muka fito daga itatuwa sai muka hau wani shimfiɗaɗɗen wuri mai faɗi, wanda ya lanƙwasa ya bi bakin kwarin kamar ɗamara. Ciyawa da ƙananan heda sun rufe shi. Yaron ya tsaya ya buga ƙafa a ƙasa.

"Kawu, kun san inda kuke tsaye? Tsakiyar titin A3 ke nan."

Har zuwa 2011, a nan manyan motoci ke jerin gwano dare da rana, hayaƙi da ƙara sun cika kwarin, titin ya raba filin gida biyu yadda dabba ko mutum ba ya ƙetarewa sai da kasada. Da aka buɗe ramin, ba a bar tsohon titin ya zama kango ba. Aka fasa kwaltar aka kwashe, aka mayar da yashin da aka haƙo, aka watsa irin heda. Na duba ƙasa ina neman ko ɓurɓushin kwalta, ban gani ba. A rayuwata na ga inda titi ya cinye gona, ya cinye makabarta, ya cinye kasuwa. Wannan ne karo na farko da na ga an tashi titi an mayar wa ƙasa abinta.

Daga nan ɗan hawa kaɗan ya kai mu ƙololuwa, Gibbet Hill, wato Tudun Rataya. Tsayinsa mita 272 daga teku, na biyu a duk gundumar Surrey. Ƙasa ta baje a gabanmu kore shar, gonaki da kurmi har iyakar gani, kuma can nesa, kamar ƙananan allurai a cikin hazo, dogayen benayen Landan. Azahar ta yi. Muka koma gefe, muka duba alƙibla, wadda a can take kudu maso gabas, muka shimfiɗa darduma a kan ciyawa. Masu wucewa suka kauce mana cikin ladabi.

Sunan tudun na da labari mai ɗaci. A watan Satumba na 1786 wani matuƙin jirgin ruwa na tafiya a ƙafa daga Landan zuwa Portsmouth. Ya haɗu da wasu mutum uku a masauki a ƙauyen Thursley, ya biya musu abin da suka ci da abin da suka sha, suka ɗauki hanya tare. Da suka hau wannan tudu suka kashe shi, suka tuɓe masa kaya, suka jefa gawarsa cikin kwarin. An kama su a ƙauyen Rake suna ƙoƙarin sayar da tufafinsa. A shekara mai bi aka rataye su a nan, aka bar gawarwakinsu cikin sarƙa don matafiya su gani. Mutanen yankin suka daɗe suna tsoron wurin, har a 1851 wani alƙali, Sir William Erle, ya kafa gicciyen dutse a ƙololuwar don ya kwantar musu da hankali. Yana nan har yau. A kan hanyar komawa mota muka tsaya a gaban dutsen da aka kafa kusa da inda aka yi kisan. Abin da ya taɓa ni shi ne, har yau ba a san sunan mamacin ba. Mutanen Thursley suka binne shi a makabartarsu, suka haɗa kuɗi suka yi masa dutsen kabari, baƙon da ba su san uwarsa ba, ba su san ubansa ba. Mutum uku sun ci amanarsa, ƙauye guda ya rufa masa asiri. Ni ma baƙo ne a kan wannan hanya, na kuwa taka ta lafiya.

Saura tambaya ɗaya da ta riƙa bina tun safe: ƙasa mai kyau haka, awa guda daga Landan, yaya aka yi masu kuɗi ba su yanka ta fuloti-fuloti ba? Sun so. A ƙarshen ƙarni na 19 Hindhead ta yi suna da kyan iska, manyan mutane suka riƙa gina gidaje, cikinsu har da marubuci Arthur Conan Doyle, wanda ya tare a 1897 saboda matarsa mai fama da tarin fuka. Filin kansa ya faɗa hannun wani attajiri, Whitaker Wright, wanda kotu ta samu da laifin zamba a 1904, ya sha guba ya mutu a harabar kotun. Da aka sa dukiyarsa a gwanjo, mutanen yankin suka ga in suka yi barci filin ya tafi ke nan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: suka kafa kwamiti, suka yi karo-karo, suka saya. Jagoransu shi ne Sir Robert Hunter, lauya mazaunin Haslemere, ɗaya daga cikin mutum uku da suka kafa National Trust a 1895, tare da Octavia Hill da Hardwicke Rawnsley. A 1906 suka miƙa filin ga ƙungiyar. A 1907 majalisar dokoki ta ba ta ikon ayyana ƙasarta a matsayin wadda ba a sayarwa, ba a jinginarwa, ba a kuma karɓe ta sai da yardar majalisar kanta. Da na ji haka na ce ai wannan waƙafi ne, sunan ne kawai ya bambanta. Daga baya, a shekarar 2000, wata doka ta ba kowa ikon taka irin waɗannan filaye a ƙafa a Ingila da Wales, ko na wane ne.

Muka iso mota kafin la'asar. Wayar yaron ta nuna mun yi kusan kilomita takwas cikin awa uku da rabi, har da hutu da salla. Tafiya ce matsakaiciya: duk mai lafiyar gwiwa zai iya, in yana da takalmi mai riƙe laka da ruwan sha, kuma bai yi gaggawa a wurin hawa ba. Wanda ba shi da mota zai iya shiga jirgin ƙasa daga tashar Waterloo a Landan zuwa Haslemere, ya hau bas zuwa Hindhead. In da hali, ya zo tsakanin tsakiyar Agusta da farkon Satumba, lokacin da jigawar ke sanye da shunayyarta.

Mun dawo daidai inda muka tashi, kamar yadda yaron ya faɗa, amma ban dawo hannu wofi ba. Na ga cewa buɗaɗɗen fili ba ya tsare kansa. Na Hindhead ya kai yau ne saboda abu uku: dabbar da ke kiwo a cikinsa, hannun da ke yi masa aiki, da takardar da ta hana a sayar da shi. In ɗaya ya faɗi, sauran ba za su riƙe shi ba. A garinmu akwai burtalin da na bi shanu a cikinsa ina yaro, faɗinsa ya ishi garke biyu su gifta. Bara da na je, jaki mai kaya da ƙyar zai wuce. Babu wanda ya sace shi rana ɗaya. Kunya ɗaya-ɗaya aka riƙa ci, kowa na kallo.

Ya kai mai karatu, in akwai hurumi, ko makiyaya, ko burtali, ko bakin tafki da ya rage a garinku, ka ɗaura takalmi ka kewaya shi da ƙafarka, ka tafi da 'ya'yanka su san iyakarsa. Sa'an nan ka tambayi mai unguwa da dagaci da ƙaramar hukuma a hannun wa takardarsa take. In babu takarda, ku haɗu ku nema masa tun yana nan.